Sunan Suhaib a Ƙofar Sito

Almu ne ya tuƙo mahaifiyarsu daga unguwar Woolwich zuwa bikin buɗe ginin da ƙanensa Suhaib ya gyara. Tsohon sito ne na jan bulo da wani attajirin yadi ya gina a zamanin Sarauniya Victoria, yanzu an mayar da shi flats, wato gidajen zama.

Suhaib ya riƙe hannunta yana nuna mata ƙugiyar da ake jan dilolin yadi zuwa bene a da. Ya karanta mata sunayen Turawa biyun da suka zana ginin, an sassaƙa su a saman ƙofa. A gefe, kan sabon allon tagulla, ga nasa sunan.

Hajiya ta shafa allon, ta dubi Suhaib, idonta ya ciko. "Allah ya yi maka albarka, Auta."

Almu ya kawar da kai. Shi ke kai ta asibiti kullum, amma ba ta taɓa yi masa irin wannan kallon ba.

"Yaya, zo mu yi hoto," in ji Suhaib.

"Parking ɗina zai yi expire."

Alhali da sauran lokaci sosai a tikitin ajiye motar Almu. Ya shiga mota ya zauna, yana kallonsu ta madubi.