Kalmar da Malam Talha Ya Gajarta

Sai da Arzika ya yi sallama sau uku kafin aka amsa daga ciki, amsar ma tari ne ya rako ta. Ya ɗaga labulen buhu ya shiga, takardar 'yan sanda a dunƙule a hannunsa, ruwan sama ya jiƙa gefenta.

Bango ɗaya ne ya raba ɗakinsa da na Malam Talha a wannan gidan haya na unguwar Coal Camp, amma rabonsa da taka wannan ƙofa shekara goma sha biyu ke nan. Tsohon yana kwance a kan gadon ƙarfe, ya rame har zoben hannunsa yana yawo a yatsa. Kwanon tuwon da Hajo, mai sayar da abinci a zauren gidan, ta kawo tun jiya yana nan a rufe.

"Arzika? Kai ne?"

"Ni ne, Malam. Ya jiki?"

"Jiki ya gode Allah. Zauna. Ba gaisuwa ce ta kawo ka ba."

Ba ita ba ce kuwa. Malam Talha Bazazzagi ne, jirgin ƙasa ya kawo shi Enugu yana saurayi, ya yi shekara ashirin yana tafinta a kotun majistare. Arzika kuwa mahauci ne. Wata shekara ya sayi saniya a kara, ya yanka, ya sayar, ashe ta sata ce. A kotu Baturen majistare ya yi magana, Malam Talha ya juyo ya ce, "Ana tambayarka, ka yanka saniyar ko ba ka yanka ba?" Arzika ya ce ya yanka. Tafinta ya faɗa wa Bature kalma ɗaya, shi ke nan shari'a ta ƙare. Shekara biyu Arzika ya yi a kurkuku. Yana can matarsa Tabawa ta rasu, maƙwabta suka riƙe masa ɗansa Auta. Unguwa ta yanke hukuncinta cewa mai saniya ya sayi bakin tafinta, tun daga nan kuma aka daina gayyatar Malam Talha suna da ɗaurin aure.

"Auta suka kama," in ji Arzika. "Jiya a mayanka. Wani ya taso masa da gora a wajen famfo, ya ture shi, mutumin ya faɗi ya karye a hannu. Jibi Litinin za a kai shi kotu. Lauya ba ni da shi. Wanda ya san harshen kotu a unguwar nan kuma, kai kaɗai ne."

Malam Talha ya kai takardar dab da idonsa, ya daɗe yana bi.

"Wannan tuhuma ce. Ka riƙe wannan da kyau: tuhuma daban, laifi daban. Tuhuma zato ne da hukuma ta rubuta. Har sai sun kawo hujja sun tabbatar, ɗanka ba mai laifi ba ne, kuma su ne da kawo hujjar, ba shi ba."

"Ai ya ture shi, Malam. Kowa ya gani."

"Ture mutum aiki ne. Ko aikin laifi ne, wannan shi za a zauna a duba. Wanda aka taso wa da gora yana da ikon kare kansa." Tari ya sarƙe shi. Arzika ya tsaya kallonsa, daga baya ya miƙa masa moɗar ruwa. "Za su fara da tambaya ɗaya: gilti ko not gilti. Ba cewa suke ka yi ko ba ka yi ba. Cewa suke, ka amsa cewa kai mai laifi ne, ko sai an yi shari'a? Ya ce bai amsa laifi ba. Kada ya ƙara ko harafi. Sannan ya nemi beli."

"Beli saki ne?"

"Aro ne. Za su ba ka aron ɗanka, ka tsaya masa cewa duk ranar da aka kira zai zo. Ka nemo shaidu, waɗanda idonsu ya ga gorar, ba waɗanda kunnensu ya ji labarinta ba. In an yanke hukunci bai gamshe ku ba, akwai ɗaukaka ƙara, kotun sama ta sake dubawa."

Jirgin kwal ya yi kuka daga wajen Ogbete, ruwa yana ɗiga daga rufin kwano cikin wani tsohon gwangwani.

"Malam," in ji Arzika a hankali, "wannan tambayar ce Bature ya yi mini?"

"Ita ce."

"Amma ba haka ka faɗa mini ba."

"Ba haka na faɗa ba."

"Nawa mai saniya ya ba ka? Shekara goma sha biyu ina so in ji."

Tsohon ya rufe ido. "Da ma ya ba ni, da na san abin da na sayar da kai a kansa. Wallahi ko anini. Ƙararraki talatin ne a gabanmu ranar, Bature yana ta duban agogo, ya riga ya daka mini tsawa sau biyu wai ina jan magana. Sai na gajarta. Ka ce ka yanka, ni kuma na ce gilti. Kafin ka sauka daga akwatin masu amsa tuhuma na san abin da na yi. Da na tashi na ce na yi kuskure, da an gyara. Na ji tsoron aikina." Ya buɗe ido. "Turawa suna da kalma daban ga abin da yake naka, da kalma daban ga abin da ka ci na wani. Mu duka biyun haƙƙi muke cewa. Naka yana wuyana, Arzika, da na Tabawa."

Duk shekarun nan mugu Arzika ya ɗauka yana kwana a bayan bangonsa, ashe matsoraci ne mai gaggawa. Ya rasa wanne ya fi ciwo. Ya karɓi takardarsa ya miƙe.

"Allah ya sawwaƙe, Malam."

Ran Lahadi ya yi yawon neman shaidu a mayanka, ya sami mutum biyu. Ya je ofishin 'yan sanda, ta tsakanin ƙarafa ya sa Auta ya maimaita maganar da Malam Talha ya koyar har sau goma. Da ya dawo ya ji tari ta bango, ya tsaya a tsakar gida, sai ya wuce ɗakinsa. Ya ce a ransa, bari a gama da kotu tukuna.

Ran Litinin majistaren ba Bature ba ne, baƙar fata ne mai tabarau, tafintan kuma wani matashi da Arzika bai sani ba. Aka karanta tuhuma. Tafinta ya ce wa Auta, "Ka ture shi?"

Auta ya dubi ubansa, ya dubi majistare, ya ce, "Ban amsa laifi ba. Not gilti. Ina neman beli."

Aka ɗage shari'a zuwa mako uku. Arzika ya dangwala yatsa a takarda, aka ba shi ɗansa.

Da azahar suka iso gida. Hajo tana bakin zaure, ba ta ɗora tukunya ba.

"Baban Auta, sai haƙuri. Malam ya cika da hantsi. Na shiga ɗauko kwano na tarar yana numfashi sama-sama. Ya tambaye ni ko an dawo daga kotu, na ce tukuna."

"Bai ce komai ba kuma?"

"Salati kawai."

Ba shi da kowa a Enugu, ba wanda ya san gidansu a Zariya. Liman ya zo ya tambayi wanda zai taya shi wanka. Mutanen da ke tsaye suka dubi ƙasa. Arzika ya naɗe hannun rigarsa ya ɗauki buta. Yana zuba ruwa a kan siraran yatsun nan ya sunkuya, ya faɗi abin da ya zo da shi daga kotu, labarin Auta da yafewar da ya jinkirta, ƙasa-ƙasa yadda ko liman bai ji ba.

Mutum biyar suka yi masa salla. Liman ya shige gaba, huɗu suka ɗauki makara, Arzika da Auta a gaba. Hanyar maƙabarta hawa ce, jar laka tana kama ƙafa, ba kuma mai karɓar wani in ya gaji. A kan kwana suka yi kiciɓis da ma'aikatan kwal sun taso daga rami, baƙi ƙirin har gashin ido, suna hira da harshen Ibo. Da suka ga makara suka yi tsit, suka ja gefe cikin ciyawa, suka cire hulunansu suka riƙe a ƙirji har aka wuce.