Ribin Mamman Mai Rediyo

Shekarar da gwamnati ta zubo wa ma'aikata ariyas ɗin nan da ya hargitsa gari, kowa da irin haukan da ya yi. Wani ya sayi babur bai iya hawa ba, wani ya sayi firji alhali unguwarsu ko turken lantarki babu. Malam Sammani na Ƙofar 'Yandaka, akawu a wani sito na gwamnati, shi tafireta ya saya. Tasa ta kansa fa, ba ta ofis ba. Ya girke ta bisa tebur a zaure, ya sa matarsa Sabuwa ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa don kada ƙura ta taɓa ta.

Tun daga ranar babu wanda ya ƙara shan iska a unguwar. Kana son takardar neman fili ko wasiƙa zuwa ga ɗanka soja, Malam Sammani zai buga maka kyauta, amma sai ka zauna ka sha bayani kan ribin, wato siririn ƙyallen nan mai tawada da haruffa ke duka su fito a takarda. Nasa na kamfani ne, a cikin ɗan gwangwani yake zuwa daga Turai, kuma sai ya buɗe gwangwanin ya kai maka hanci ka shinshina. Wallahi har liman sai da ya shinshina.

Duk wannan fankama da mutum ɗaya ake yin ta, Mamman mai gyaran rediyo, abokinsa tun suna yawo ba wando. Mamman irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu a bola su wuce. Yana bin bayan ofisoshi yana tsintar tsofaffin ribin, ya wanke, ya jiƙa su a wani haɗi nasa na kunkunniyar fitila da man gyaɗa da ruwan katambiri, wannan da mata ke zane da shi a fuska ya yi kwanaki bai fita ba. Ya shanya, ya naɗe, ya sayar da araha. A majalisar ƙofar gida kuwa Malam Sammani ba ya da abin tsokana sai shi.

“Mamman, yau miyar mi aka kaɗa? A ce mutum da hankalinsa ya ɗauki tafireta ya ɗura mata man ƙuli! Ni ko a mafarki na ga ribin ɗinka kusa da tawa, sai na tashi na yi sadaka.”

Mamman sai ya yi dariya ya gyara tabarau. Bai taɓa ramawa ba, abin da ya fi ƙona wa Sammani rai ke nan.

To, sai ga jiragen siminti sun cushe tashar Ikko, aka ce sauran kaya suna can kan ruwa suna jiran layi. Ribin kamfani ya ɓace a kantuna. Na Malam Sammani ya yi ta dishewa har ya zama sai ka karkata takarda wajen rana kafin ka ga alamar rubutu. Ana cikin haka ranar wata Talata fom ɗin Tani ya iso.

Tani ita ce babbar 'yarsa, kuma ita ce zuciyarsa, wannan kowa ya sani. Tun tana ƙarama take ɗaure wa kaji ƙafa da tsumma tana cewa ita malamar asibiti ce. Ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya, saura kawai a cike fom da tafireta, da sunanta da lambar jarrabawarta, a kai ofishin ilimi da ke unguwar manya ta Ji'ara'e kafin sha biyun ranar Alhamis. A lokacin mota za ta tashi da sunaye zuwa Kaduna. Wadda sunanta bai shiga motar nan ba, sai baɗi, in ma baɗin ta zo da rabo.

Tafiretar ofishinsu mai ita ya kulle ya tafi hutu da makulli. Malam Sammani ya juya tsohon ribin baibai, bai yi ba. Ya turara shi a bakin butar shayi, ya ɗiga masa kananzir, ya yi masa addu'a, ina! Ya ba wani direban Kano sautu, direba ya dawo Laraba da yamma hannu wayam.

Sabuwa ta ce, “Malam, ka je wurin Mamman mana.”

“Ki ƙara faɗi in ji!”

“Na ce ka je wurin Mamman. Girman kanka ne zai tafi makaranta ko ɗiyarka?”

Ya yi tsaki ya fice. Amma da gari ya waye, bayan wanzami ya yi masa aski ƙwal kwabo saboda shiga Ji'ara'e, sai ga shi ya rungumi rediyonsa, rediyon da lafiyarta lau, ya nufi rumfar Mamman a bakin kasuwa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da zafi, aka sake tambayar iyali.

“Rediyon ga ce take shaƙewa,” in ji Sammani, idonsa na kan rufin rumfa.

Mamman ya murɗa, rediyo ta ɗauki kiɗan kalangu tar kamar makaɗan na cikin rumfar. Ya kashe, ya dubi abokinsa ta saman tabarau.

“Lallai tana jin jiki. Ina Tani? An ce fom ya zo.”

“Ya zo.”

“An cike?”

“Ana kai.”

Mamman ya ɗauki rediyon. Ya juya baya, ya buɗe gidan batir, ya zare batiran, ya cusa wani abu a ƙunshe cikin jarida, ya rufe. Ya miƙo rediyon yana magana ƙasa-ƙasa don kada maƙwabcinsa mai faci ya ji.

“Ga ta nan, ta warke. Amma irin gyaran ga, sai ya sha iska kamar awa biyu. In kuma dole sai an naɗe takarda, a bar rubutun ta waje, kada ya haɗu da ɗan'uwansa. Ka ji ko?”

“Ni rediyo na kawo,” in ji Sammani, ya sunkuci abarsa ya fita ko godiya babu. Kunya ce ta hana shi, ba rashin tarbiyya ba.

A zaure ya rufe ƙofa ya saka sakata, ya zaro ribin Mamman daga gidan batir ya ɗaura wa tafireta. Tani na tsaye da 'yar takardar jarrabawa tana karanto masa lamba ɗaya bayan ɗaya, shi yana bugawa da yatsa guda. Abin haushi, rubutun ya fito baƙi wuluk, ya fi na kamfanin kyau nesa ba kusa ba. Zauren kuwa ya ɗauki ƙamshi kamar ana suyar ƙuli. Tani ta buɗe baki za ta yi magana, ya harare ta, ta haɗiye.

Ƙarfe goma ta wuce, wa ke da awa biyu? Ya naɗe fom rubutu ta waje yadda aka ce. Aljihun babbar riga akwai goro da makullai, don haka ya yi abin da ubansa da kakansa suke yi da duk takarda mai daraja: ya ɗora ta a tsakiyar kai, ya danna sabuwar hularsa zanna a bisa, matsattsiya har tana cizon kunne. Babur babu mai, gidajen mai duk layi, a ƙasar da ake cewa mai ya yi mata yawa. Ya ari keken maƙwabci ya taka.

Watan bazara ne. Kafin ya fita ganuwa gumi ya jiƙe masa wuya. A ofishin ya tarar da layin iyaye har bakin titi, ya tsaya a rana fiye da awa yana kallon wata Landiroba da ke ƙofar, direbanta na goge gilashi yana duba agogo. Saura minti goma sha biyu ta cika layi ya zo kansa, shi ne na ƙarshe.

Ya ɗaga hula kaɗan, ya zaro fom, ya mayar da hula. Takarda ta jiƙe sharkaf. Maimakon ya bar ta haka, sai ya sa hannun riga ya share ta da ƙarfi don ta bushe. Shi ke nan! Rubutu ya bi hannun riga, fom ya koma kamar an goge gindin tukunya da shi.

Akawun da ke karɓa, wani siririn mutum mai haƙuri, ya ɗaga takardar da yatsu biyu, ya kai hanci.

“Malam, wannan ai ribin Mamman ne. Ba ka bari ya sha iska ba ko? Mu nan da shi muke aiki tun wata uku, sai dai mu muna shanyawa.”

Malam Sammani ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Akawu ya ce babu komai, akwai ragowar fom, shi da kansa zai buga yanzu. Sunan yarinya? Aka faɗa. Makarantar da ta gama? Aka faɗa. Lambar jarrabawa?

Nan duniya ta tsaya. Lamba ce doguwa mai haruffa a gaba, kuma takardarta tana can Ƙofar 'Yandaka a hannun Tani. Ya tuna akwai bakwai a ciki, ko biyu ne ma bai sani ba. Akawu ya ce ba tare da lamba ba Kaduna za su jefar da fom ɗin, kuma shi ba ya da jerin lambobin, suna can. A waje direba ya tayar da mota ya danna hon.

“Ranka ya daɗe, a ba ni rabin awa, in taka in dawo.”

“Ba ni ke da mota ba, Malam. Shehu ne, kuma an ce masa kada la'asar ta yi masa a hanya bai wuce Zariya ba.”

Zafi da tashin hankali suka taru suka rufe shi. Bai san sa'ad da ya tuɓe hula ya fara fifita da ita ba, yana salati. Sai ya ji ofishin ya yi tsit. Masinja da ke bayansa ya leƙo, ya ƙara leƙowa, ya toshe baki. Shehu direba da ya shigo ɗaukar jakar takardu ya tsaya cak.

“La ilaha illallahu! Baba, wa ya yi maka rubutu a ka?”

Ashe matsin hula da gumi sun kwafe fom ɗin tsaf a kan sabon aski, katambiri kuma ya kama fata ya zauna daram. Layi huɗu ne reras daga goshi zuwa ƙeya, sai dai a juye suke kamar hatimi.

Malam Sammani ya yi wuf ya mayar da hula. Mutum ne da ko a gidansa ba a cika ganin kansa a buɗe ba. Ga iyaye sun dawo suna leƙe ta taga, ga mata biyu masu buga tafireta sun bar aiki sun miƙe, cikin masu leƙen ma har da wani ɗan unguwarsu mai bakin tsiya wanda kafin magariba zai kai labari kowane zaure. Akawu ya yi gyaran murya, yana fama da dariyar da ke cinsa.

“Malam, in akwai lambar a nan, ni zan iya ɗauka. Amma kai ke da kanka.”

Shehu ya ɗaga jaka ya rataya. Malam Sammani ya dubi jakar nan, ya tuna Tani tsaye a zaure tana karanto masa lamba cike da murna. Ya cire hula ya ajiye bisa tebur, ya tattare babbar riga, ya durƙusa a tsakiyar ofis ya sunkuyar da kai.

“Ku karanta. Don Allah ku karanta da kyau.”

Akawu ya gwada, biyu ta zama biyar, biyar ta zama biyu, ya ce shi kam idonsa ya juye. Shehu ya ruga ya kwanto madubin cikin mota ya kara a gefen kan. Masinja ya riƙe kunnen Malam Sammani yana karkata shi wajen haske kamar mai duba kankana a kasuwa. Akawu na karantawa a madubi, ɗaya daga cikin matan na bugawa, mutanen taga suna maimaitawa da ƙarfi kamar 'yan aji. Wata lamba ta faɗa cikin wani tsohon tabo, aka yi ta gardama ko uku ce ko takwas, sai da masinja ya ja fatar ta miƙe aka ga takwas ce.

“A sake karantawa,” in ji Sammani daga ƙasa.

Aka sake. Ya ce a ƙara, aka ƙara. Aka buga hatimi, fom ya shiga jaka, jaka ta shiga mota. Shehu ya leƙo ta taga yana share hawayen dariya.

“Baba, ko don kai, da hannuna zan miƙa wanga fom!”

Labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da majalisa ta cika tun kafin lokacinta, Mamman na zaune a gefe yana ta goge tabarau, kafaɗunsa na rawa. Malam Sammani ya yi sallama, ya jingine keke, ya wuce ciki bai tsaya ba.

A tsakar gida Sabuwa ta zaunar da shi bisa turmi ta cire hular. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Tani ta zo ta tsaya a bayansa, ta ga sunanta da na ubanta a juye a kan fatar da rana ta gasa ta yi ja. Ita ma ta fara dariyar, sai dariyar ta koma kuka, ta durƙusa ta riƙe gefen rigarsa mai baƙin tawada.

“Baba, a gaban mutane?”

“Sunanki na hanyar Kaduna. Tashi ki kawo mini ruwa.”

Sabuwa ta ɗauko sabulun salo da soso da lemun tsami, ta naɗe hannun riga za ta fara dirza. Ya kama hannunta.

“Bar shi tukuna. Sai amsa ta zo. In sun yi kuskure a lambar, ina zan samu wata shaidar da ta fi wannan?”