Gahawa Biyu a Jimeta

Labari ya iso Yola cewa Hayatu yana Jimeta. Aikin gwamnatin jiha ya kawo shi daga Maiduguri, ya sauka a sabon otal ɗin da ke kallon Binuwai. Bai zo gida ba. Ba kuma zai zo ba sai an ce ya zo, domin shekarar da ya dawo daga Ingila ya auri Lilian, wata nas 'yar Numan, sai ubansa Hamajoɗa ya aika masa cewa kada ya ƙara taka ƙofarsa.

Yanzu idanun uwarsa Fadimatu sun tafi. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi mijinta ba. Tana laluben butarta ta ce, "Ina so in ji muryar yaron nan." Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Hamajoɗa ya sa rigar da yake zuwa masallacin Juma'a da ita, ya shiga motar haya. A hanya ya shirya maganarsa, gajeriya ce: ka zo gida, kai da ita.

Ya tarar da Hayatu a ɗakin cin abinci, cikin kwat, fanka na juyawa a kansa. Ya yi ƙiba. Da ganin ubansa ya ture kujera ya durƙusa tsakanin tebura, Turawa biyu suka juyo suna kallo. Hamajoɗa ya amsa gaisuwar yana duban taga.

Suka zauna. Hayatu ya kira ma'aikacin otal, wani dogo mai farar riga da ake kira Zadok, ya ce a kawo gahawa biyu da biskit. Aka kawo a faranti, da 'yar butar madara da sukari 'yan ƙulle-ƙulle.

Ba wanda ya taɓa. Hamajoɗa ba ya ci a gaban ɗansa na fari, Hayatu kuma ba zai ɗaga kofi ubansa na kallo ba. Suka yi maganar damina, da tsadar kananzir saboda yaƙi, da wanda ya mutu a unguwa.

Zadok ya dawo ya leƙa kofunan. "Baba, gahawan nan ya mutu fa. Ku Fulani, in ba a cikin ƙwarya aka kawo ba, sai ku ce azumi kuna yi."

"Kai dai Bacama, ba a barin ka da kwano," in ji Hamajoɗa. Hayatu ya yi dariya, irin dariyarsa ta yaro, ya yi sauri ya haɗiye ta.

Lokacin maganar ya yi. Amma Hamajoɗa ya ga ba zai faɗe ta daga kujerar baƙo ba. Nan ƙasarsa ce, wanda ya zo daga Maiduguri shi ne baƙo. Sai ya fara shayar da shi, sannan ya gayyace shi. Ya ɗaga murya yadda teburan kusa za su ji.

"Baƙona ne. Ni zan biya. Nawa?"

Zadok ya dubi Hayatu, ya dubi ƙasa. "Sule takwas, Baba."

Hamajoɗa ya zaci bai ji daidai ba. Da wannan ai gidansa zai ci tuwo da miya kwanaki. Ruwan zafi ne baƙi a kofi biyu, ba a ma sha ba. Amma ya riga ya yi magana. Ya kwance bakin hankicinsa a kan farin ƙyallen tebur, ya baje abin da ke ciki, har da kwabbai. Bai kai ba. Ya sake laluben aljihu, ko da yake ya san babu komai.

"Baba, bar shi," in ji Hayatu a hankali. "Ba a biya a nan, a kan ɗakina ake sawa. Ba wani abu ba ne."

Don ya sauƙaƙa masa ya faɗa, Hamajoɗa ya san haka. Ya tattara kwabbansa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya kasa shayar da baƙonsa ruwa a gaban jama'a, da wane baki zai ce masa zo gidana?

Ya miƙe. Hayatu ya raka shi har bakin ƙofa, ya tsaya yana jira, hannayensa a baya.

"Dada fa?" in ji Hayatu, yana nufin uwarsa.

"Lafiyarta lau."

Hayatu ya ƙara jira. Hamajoɗa ya gyara rigarsa a kafaɗa.

"Allah ya kai ka lafiya," ya ce, ya sauka matakala.

Bayan la'asar ya shiga gida. Fadimatu na zaune a ƙofar ɗakinta, ta karkata kunne wajen zaure tana sauraron sawu. Na mutum ɗaya ta ji.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi. Ya yi ƙiba. Aiki ya yi masa yawa."

Sai ta kira ƙanwar mijinta daga madafa.

"Gogo, kwance zakaran nan da aka ɗaure don baƙi. A bar shi ya yi kiwo."