Kawunan Waya Uku a Motar Mamuda

…wai a jefar da ita. A jefar! Haka mai farar rigar nan na garejin gwamnati ya ce wa Fatu, ko leƙa ƙasan sitiyari bai yi ba. Wayoyin sun rikice, babu littafin motar, a sayar wa 'yan gwangwan. Lauwali yana kwance rigingine cikin akori-kurar, ƙafafu a waje, ƙeya a kan totur, yana ta juya maganar a ransa. Littafi. Shi da littafi aka koya masa? Shekara ashirin da biyu yana haɗa wayar mota a garejin nan, tun motocin Kazaure ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Kuɗin mai ya zo, masu takarda suka zo, aka ce Lauwali ya je ya huta. Ya huta! To ga shi nan yana hutawa, a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, da filaya a hannu.

Uku ne. Kawunan waya uku suna reto bisa fuskarsa, ba a cusa su ko'ina ba. Na mene ne? Wa ya cire su, yaushe?

Mamuda, kai ma da rigima. Duk motocin Kano ba su ishe ka ba, sai da ka tsallaka Damagaram ka sayo wannan da sefa, wadda hannu goma ya taɓa, kowa ya yanka ya ɗaura. Lambobin da Nasara ke bugawa a jikin waya duk sun goge. Ka tafi lahira ka bar wa matarka Fatu da 'ya'ya biyar motar nan, ita ce gonarsu, ita ce rumbunsu. Ranar kasuwar Babura ta ɗauki mutum goma sha biyu da buhuna, sai hayaƙi a Kanya Babba, daga nan ƙasan sitiyarin, mata suna dirowa da goyo… Allah ya kiyaye. Ya kiyaye sau ɗaya.

Ƙwan gwaji. Gindinsa a jikin ƙarfe, tsininsa a kai na farko. Shiru. Ya murɗa makulli — ya kama. Ya kashe — ya mutu. Madalla, wannan mai ladabi ne, sai an kira shi yake amsawa. Ya bi shi da yatsa, ta bayan agogon gudu, ta ƙarƙashin tsohon salatif mai danƙo… na goge gilashi ne. Ashe shi ya sa Mamuda ke leƙo da kai ta taga duk damina, yana tuƙi ruwa na dukan fuskarsa, yana dariya. Ɗaya.

Na biyu mai baki huɗu, fari fat, ko tabon tsatsa babu. Ba a taɓa cusa shi ba tun da aka ƙera motar. Lauwali ya san irinsa: na injin ɗumama cikin mota ne, na ƙasar da sanyi ke kisa. Nan wa zai ɗumama? Mai farar riga da ya gan shi sai ya aika Kano a tambayo. A naɗe shi, a ƙyale shi. Ba kowane baki ne ake ba amsa ba. Biyu.

Ka gani, Mamuda? Ka ga hannun da aka ce ya tsufa?

Na uku… na ukun nan ne ɓarawon. Gefensa ya narke, yana warin ƙonannen roba. Makulli a kashe, amma ƙwan ya kama, jawur. Wuta tsaye daga batir, ba fis a tsakani, ba mai tsawata mata. Waya biyu ke shiga cikinsa, kuma can sama ga wasu biyu a yanke suna jira. A irin wannan mota kore na bin kore zuwa fitilun gaba, mai ruwan ƙasa ya tafi nasa wuri. Ƙwan ba zai raba masa waɗancan ba, don dukansu matattu ne, sun shige cikin damin wayoyin da aka naɗe tun daga nan har hancin mota. A haɗa daidai, mota ta tashi. A haɗa a juye, yau lafiya, gobe lafiya, jibi a hanyar Roni da mutum goma sha biyu a baya…

Kore. Wanne ne koren?

Duhun ƙasan nan ne. Ya zame ya jawo su bakin ƙofa, inda ranar azahar ke faɗowa. Datti ne. Ya tofa yawu, ya murza da gefen riga. Ya matso da su. Ya nisanta. Ya rufe ido ɗaya.

Toka. Dukansu ruwan toka.

A'a. Gajiya ce, tun safe bai sa komai a ciki ba. Shekaranjiya ma da ya ɗauki hular wani a masallaci, ai kama suka yi. Da zaren da ya kasa sa wa allura… wannan aikin mata ne dama. Farin abin nan da ke yawo a idon dama kamar hayaƙin murhu, tun bara — wa ya gaya wa mai farar riga? Ba wanda ya sani. Takarda ce ta kore shi, takarda! Ba ido ba.

«Malam Lauwali, sannu da aiki. In sa rai kuwa?»

Fatu ce. Takalmanta kawai yake gani, da bakin mayafi. Taku biyu tsakaninsu. Idonta garau, kore da ruwan ƙasa ba za su ɗauke ta daƙiƙa ba. Kalma uku: wanne ne kore? Ta faɗa, mota ta tashi, 'ya'yan Mamuda su ci tuwo. Gobe kuma Kazaure ta ji mai haɗa waya ba ya ganin waya, a daina kawo ko keke gindin darbejiyar nan. Ko ya yi shiru ya canka. Hannunsa ya sani, ai hannunsa bai taɓa… bai taɓa ba?

«Malam?»

Wayoyin biyu suna tsakanin yatsunsa, sun yi ɗumi. Ya buɗe baki.

«Fatu… matso nan tukuna.»