Likkafanin Hajiya Batul

Bayan sallar isha'i na ji sautin. Ina zaune ina jera 'yan duwatsun da nake tsintowa a bakin teku, sai na ji kamar ana magana daga cikin rijiya. Ba kuka ba ne, ba karatu ba ne kuma. Murya ce ta namiji, amma a toshe, kamar an danne rediyo da matashi. Ta yi Faransanci, ta koma yaren Mina na mutanen garin nan, ta faɗo Hausa: "Ku ɗaga ni, ƙasan nan da sanyi."

Katanga ɗaya ce tsakanina da ɗakin Abdel, jikan Hajiya Batul. A gidanta nake zaune tun kafin a haife shi. Na ɗauki tocila na tura ƙofarsa.

Gawa na tarar a kan tabarma, an naɗe ta da fari daga kai har ƙafa.

"Innalillahi! Abdel?"

Gawar ta tashi zaune. Ta yi ta kokawa da ƙyallen har fuska ta fito, jage-jage da gumi.

"Baba Audu, kar ka yi ihu, don Allah. Gwaji nake yi."

Ya ce wata Madam Afi, mai ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwar Nyékonakpoè, ta rubuta sabon wasa a kan wani ɗan dako da kaya suka danne a tashar jirgin ruwa. An yi masa sutura, amma ya ƙi yin shiru. Tun daga farkon wasa har ƙarshe yana kwance a gaban mutane yana magana daga cikin likkafani. Shi aka ba wa wannan matsayin. Za su je Accra da Ouagadougou da Cotonou, daga can su hau jirgi zuwa Faransa.

Ni kam abin ya burge ni. Na taɓa mafarkin matattu suna hira a ƙarƙashin kasuwa, na so in ba shi labari. Sai hasken tocilata ya faɗa kan gefen ƙyallen. Wani shuɗin tambari ne da rubutun Larabci, ya koɗe.

Duk unguwarmu an san wannan tambarin. Kowace shekara idan Sha'aban ya kama, Hajiya Batul takan buɗe akwatinta ta fito da likkafaninta, ta shanya a tsakar gida, ta turara shi, ta ba mu labarin yadda ta tsoma shi cikin ruwan Zamzam da hannunta ta busar a saman masaukinsu a Makka. Takan ƙare da magana ɗaya: "A cikin wannan za ku sa ni. Wanda ya sa ni a wani, ban yafe ba."

Na ce, "Yaro, wannan na kakarka ne."

"Aro na yi. Wanda muka sayo a kasuwar Hédzranawoé ƙyalli yake yi ƙarƙashin fitila, kamar labulen asibiti. Madam Afi ta ce ba wanda zai yarda gawa ce. Wannan kuwa ya kwana biyu, ya sha turare. Baba Audu, in na shiga cikinsa har muryata canjawa take yi."

"Mayar da shi."

"Gobe da safe, in ta shiga wanka."

Ranar tafiyarsu ya durƙusa gaban Hajiya da jaka a kafaɗa. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Angon nawa zai gudu ya bar ni ke nan. Wai me kake yi a wasan naku?"

"Kwanciya kawai, amarya."

"To ai sun sami gwani. Tun kana yaro ba abin da ka iya sai ita."

Ta sa masa albarka, ta cusa masa ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu.

Daga Accra ya fara aiko mini da saƙon murya, don ya san ni ne mai sauraro. Ya ce abin da ya fi wuya shi ne numfashi. Dole ciki ya tsaya cik lokacin da sauran 'yan wasa ke kuka a kansa, sai ya koyi shaƙar iska kaɗan-kaɗan ta gefen haƙarƙari. Fitilu suna gasa shi, gumi na shiga ido, ba damar gogewa. A Ouagadougou, in ji shi, da ya buɗe baki karon farko, wata mata a layin gaba ta tashi ta fice da gudu ta bar takalminta. Bayan wasa wani tsoho ya zo ya taɓa ƙafarsa don ya tabbatar da ɗumi. Ya ce wani lokacin idan aka yi tafi aka kwance shi, sai ya ɗan jima bai tuna sunansa ba.

Sai ya turo hoto. Na sa tabarau, na buɗa hoton da yatsu biyu kamar yadda yara suka koya mini. Ga shuɗin tambarin nan a wajen ƙafarsa.

Na tafi shagon Idi, mahaifinsa, inda yake sayar da tayoyi, na nuna masa. Idi ya kira shi nan take, yana ihu har masu wucewa suna tsayawa. Abdel ya ba da haƙuri, ya ce Sha'aban da saura, ya rantse da sun gama Cotonou zai ba direba ya kawo. Idi ya kashe waya ya ce mini, "Baba Audu, kada Hajiya ta ji wannan."

Suna hanyar Cotonou zazzaɓi ya kama Hajiya. Da farko mun ɗauka na sauro ne. Sai ta daina cin abinci, ta daina tsokanar kowa. Daren Juma'a ta kira Idi.

"Buɗe mini akwatina. Ina so in taɓa shi."

"Inna, makullin ne ban san inda aka ajiye ba."

"Yana wuyana, Idi."

Ya ciro makullin daga wuyanta. Ya durƙusa gaban akwatin ya juya mata baya, ya yi ta ƙwaƙular kwaɗon.

"Ya yi tsatsa, Inna. Da safe zan kira maƙeri."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Kafin a kira asuba ta cika.

Idi ya kira Abdel ya faɗa masa cikin kalma kaɗan. Na ji muryar yaron ta waya yana cewa jirginsu yau da dare ne, Madam Afi tana cewa in ya tafi da kayan wasa ba ta san me za su nuna a Faransa ba. Sai na ji ya ce, "Gani nan, Baba," wayar ta mutu.

Gida ya cika. Mata suka shiga ɗaki, maza muka zauna a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa. Ajaratu, maƙwabciyarmu, ita ke yi wa mata wankan gawa a layinmu. Ta aiko a kawo likkafani. Idi ya ce ana zuwa. Ta sake aikowa. Ya ce ana zuwa.

Liman ya matso kusa da shi. "Alhaji Idi, an gama haƙa kabari. Ba a ajiye mamaci. Kowane farin ƙyalle mai tsarki ya isa, ga shi nan a kasuwa."

"Malam, ka san abin da ta ce."

"Na sani. To ina yake?"

"Yana hanya."

Liman ya dube shi, ya dube ni, ya koma wurinsa yana jan carbi.

Rana ta yi sama. Saƙon Abdel ya shigo wayata: motarsu ta tsaya a layin iyaka a Hillacondji, ya sauka ya tsallaka da ƙafa, yana neman wata motar. Daga nan shiru. Na yi ta kira ba ta shiga. Ina zaune ina ganin hanyar bakin teku a raina, da itatuwan kwakwa, da wani yaro rungume da farin ƙunshi yana ɗaga wa motoci hannu, suna wucewa.

Aka tafi Juma'a aka dawo. Mutane suka fara gunaguni. Wani ƙanin Hajiya da ya zo daga unguwar Hanoukopé ya tashi ya ce shi zai je ya yanko yadi, wannan wulaƙanta gawa ne. Idi ya tare ƙofa da jikinsa.

"Kawu, ka ba ni kaɗan."

"Tun safe kake cewa kaɗan! Zafin nan kana jin sa kuwa?"

Suna cikin haka babur ɗin haya ya tsaya. Abdel ya diro, ƙura har gira, ƙafa ɗaya ba takalmi. Bai gai da kowa ba. Ya miƙa wa mahaifinsa jakar leda. Idi bai dube shi ba, ya karɓa ya nufi ƙofar ɗakin Hajiya, ni da Abdel muna bayansa. Ya miƙa ta bayan labule.

Muka tsaya. Na ji ƙarar leda, na ji an warware ƙyalle.

Ajaratu ta ɗaga labule ta fito da shi a hannu biyu. Ƙyallaye biyar ɗin da Hajiya ta yanka da kanta an haɗe su da keken ɗinki sun zama buhu guda. A wajen fuska an tsaga ƙaramar kafa, an daje bakinta da zare, don 'yan kallo su ji magana. Farar hoda ta kama kewayen kafar. Tsakiyar ƙyallen ta yi rawaya, shatin bayan mutum ya fito sarai, kafaɗu da ƙugu. Ƙamshin turaren Hajiya yana nan, amma warin gumi ya hau kansa.

Liman ya taso, kawun ya biyo shi. Abdel ya sulale ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Ajaratu ta sa yatsa cikin kafar, ta ɗago kai.

"Idi, wa ya riga Hajiya shiga cikin wannan?"