Safa Uku da Yatsu Biyu

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka a birnin Konya a wannan shekarar, Nurhayat ta durƙusa gaban mahaifinta ta taɓa masa bakin allura a babban yatsan ƙafa. Bai ji ba. Shayinsa yake kurɓa yana kallon taga. Ta matsa zuwa ƙaramin yatsa, ta ƙara dannawa, nan ma shiru. Sai can ya sunkuyo ya tambaye ta ko wani abu ne ya faɗi take nema a ƙasa.

Shekararta biyu da gama makarantar koyon jinya, tana aiki a ɗakin wanke rauni na wani ƙaramin asibitin unguwa, ƙafafun masu ciwon sukari kuwa ta gan su har ta ƙoshi. Ta san inda ƙafar da ba ta jin allura take dosa. Mahaifin nata, Husamettin, shekararsa sittin da ɗaya, bakwai daga ciki da ciwon sukari ya yi su. Kullum bayan sallar asuba yake hawa kekensa, akwatin simit ɗaure a baya, burodin nan mai riɗi, ya bi gidajen shayi da ƙofofin makarantu tun daga gidan gashin burodin har bayan kasuwar hatsi. Awa uku a kan keke, iskar fili tana dukan ƙafafunsa ba hutu.

Yana da dabarar maganin sanyi, kuma yana alfahari da ita kamar shi ya ƙirƙiro ta, alhali duk tsofaffin masu keken unguwar ita suke yi. Patik uku yake sakawa, safar ulu saƙar hannu, ɗaya a kan ɗaya. Ta ciki marigayiya matarsa ce ta saƙa, wannan ba mai bakin da zai ce a cire ta. Ta tsakiya aikin yayarsa ce, Gwaggo Zubeyde, wadda idan ta zo gidan ƙafarsa take fara kallo kafin fuskarsa. Ta waje kuma, ja mai zanen tsuntsaye, daga kayan auren Gulsum ta fito, matar ɗansa, kuma ranar da ya ajiye ta dangin amarya za su ji cewa an raina hannun 'yarsu. Mata uku ke riƙe da ƙafar mutum ɗaya, kowacce da haƙƙinta, jini ne kawai ba shi da haƙƙin wucewa.

Tsakanin safa da safa yakan barbaɗa garin barkono, wai yana tayar da ɗumi. Daga nan ya ɗauko baƙin takalminsa na fata mai tsinin baki, wanda ya saya don bikin ɗansa, wanda ko da siririyar safa matse shi yake yi, ya cusa ƙafar da mariƙin cokali yana nishi, ya ja igiya ya ɗaure tamau don kada iska ta shiga. Bai tsaya nan ba. Ga ruwan zafi a gida, amma ba zai yi alwala da shi ba. Sai ya je famfon harabar masallaci, inda sa'o'insa suke jere suna kallon juna, ya tuɓe safa uku, ya wanke ƙafa da ruwan da ya kusa zama dutse, ya karkaɗe ta sau biyu, ya mayar da ita cikin ulu a jiƙe. Kowa a cikinsu yana jin azabar, kowa kuma yana jiran wani ya fara nuna gazawa.

Nurhayat ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce jinin mutum ne ke ɗumama ƙafarsa, ulu riƙe ɗumin kawai yake yi, kuma takalmin da ya matse jijiya ya riga ya kashe wutar. Ta ce safa ɗaya mai kauri a bushe, cikin takalmi mai fili inda yatsu za su motsa, ta fi nasa ukun. Ta ce barkono fata yake ƙonawa, shi da ba ya ji ma ba zai san ta ƙone ba. Ta ce ya yi alwala a gida, ya goge ƙafa tas, ya sa huffi ya riƙa shafa, addini ya yarda, limamin masallacin nasu ma haka yake yi.

Ya saurare ta har ƙarshe yana murmushi irin wanda ake yi wa yaro idan ya karanto hadda.

"'Yata, huffi na tsofaffi ne," in ji shi. "Shekara arba'in ina kan keken nan, ƙirga yatsuna ki gani, goma ne cif."

"Baba, da allura na taɓa ka ɗazu."

"To kin ga ƙarfin fata kenan."

Da ta tashi aiki washegari ta shiga kasuwa ta sayo takalmin sanyi mai kaurin ƙasa, mai tsawo har ƙauri, lamba arba'in da biyar, shi da yake sa arba'in da biyu. Ta haɗa da safa ɗaya ta ulu mai laushi. Gwaggo Zubeyde na gidan a ranar. Ta ɗaga takalmin da yatsu biyu kamar mushen kaza, ta tambaya ko a makarantar jinyar ba a koya musu auna ƙafa ba. Ta ce ita tun ba a haifi Nurhayat ba take saƙa wa ƙaninta safa, bai taɓa kuka ba, yau ga 'yar jiya ta kawo safar kanti, wadda ba wanda ya yi bisimilla a kanta, za ta kore hannun uwarta da ke kabari. Da aka ambaci kabari Husamettin ya sunkuyar da kai. Gulsum ta shige kicin.

Nurhayat ba ta ja da baya ba. Ta ce safar uwarta ya ajiye a ƙarƙashin matashi idan don tunawa ne. Ta kawo hotunan ƙafafun da take wankewa a wurin aiki ta jera masa a kan tabarmar cin abinci, ta ce ya zaɓi wadda yake so tasa ta zama. Gwaggo ta ce wannan rashin kunya ne, amma da safe Husamettin ya fita sanye da babban takalmin, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Kwana huɗu yana fita da shi yana dawowa da shi. Nurhayat har ta fara jin cewa ashe mutanenta ma suna jin magana idan an daure.

A rana ta biyar ta makara zuwa aiki, ta yanke ta bayan masallaci don ta tari motar haya. Gidan shayin da mahaifinta ke zama yana nan a kan kwana, tagarsa ta yi gumi. Ta leƙa kawai, sai ta hango takalmin. Yana gefen murhu, an cika ƙafa ɗaya da itacen hura wuta, ɗayar kuma kyanwar gidan shayin ce kwance a ciki.

Mata ba sa shiga wurin, don haka ta tsaya a bakin ƙofa ta bar ta a buɗe, sanyi na kwarara ciki. Shefket ne ya taso, abokin mahaifinta tun ƙuruciya, mai gashin baki kamar tsintsiya, wanda shi ne alƙalin teburin, abin da ya yi wa dariya ya mutu.

"Malama likita, rufe mana ƙofa, ko mu ma kin kawo mana jirgin Annabi Nuhu ne mu shiga?"

Ta tambaye shi ina mahaifinta, me kuma yake sanye da shi.

"Takalmin maza yake sanye da shi. Ranar farko da ya shigo da wannan, wallahi mun ɗauka ƙafar ce ta riga shi zuwa da minti biyar. Tausayinsa muka ji, muka ce ya riƙa ajiye shi nan, ya ɗauka idan zai koma gida, kada ranki ya ɓaci."

"Kawu Shefket, ba ya jin ƙafarsa. Idan ta daskare ba zai sani ba."

"Mu ma ba ma jin tamu daga Disamba zuwa Maris, 'yar nan. Bazara na zuwa take dawowa. Abin da Allah ya rubuta wa yatsa, takalmi ba ya gogewa."

Teburin ya ɗauki dariya. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Maza takwas, kowa da jikoki, kowa da wayar da ke faɗa masa sanyin gobe tun yau, sun haɗu sun ɓoye wa mutum takalmi kamar 'yan firamare, kuma da aka tambaye su sai suka jingina wa Allah. Ba ƙaddara suke tsoro ba, bakin Shefket suke tsoro. Ta juye itacen a ƙasa, ta kori kyanwar, ta tafi da takalmin a hammata.

Da yamma ta ajiye shi gaban mahaifinta. Bai musa ba. Ya ce ita mace ce, ba ta san abin da ake nufi da mutum ya shiga cikin sa'o'insa a yi shiru sannan a fashe da dariya ba. Ta ce ta san abin da ake nufi da a ɗora mutum a gado a kira mai wuƙa. Ya ce ya ji, gobe zai sa. Da safe ya sa ɗin, tana tsaye a kansa. Ta laluba akwatin keken ma ba ta ga komai ba. Ba ta san tun jiya da dare ya mayar da tsohon takalmin da safa ukun wurin mai gidan shayi ba, a cikin leda, sun kwana a ɗaki mara wuta.

A satin ne sanyi ya kai sha tara ƙasa da sifili. Abin da ya faru ranar Talata sai daga baya ta ji shi, a bakin Gulsum. Husamettin ya gama zagayensa wajen ƙarfe goma, ya iso gidan shayi, da ya sauke ƙafa daga feda sai ta ƙi ɗaukarsa, ya kife da keken. Abokan suka kinkime shi ciki. Da ƙyar suka zare takalmin. Yatsun ƙafar hagu sun yi fari fat, sun yi tauri kamar kyandir. Asibitin da 'yarsa take aiki tafiyar minti goma ne, ba wanda ya ambace shi. Shefket ya sa aka ɗebo dusar ƙanƙara a faranti aka yi ta murza wurin har fata ta saɓule, don haka kakanni suke yi. Daga nan suka jawo kujerarsa suka jingina tafin ƙafar da ƙarfen murhu. Yana zaune yana shan shayi yana ba da labari, sai da mai gidan shayi ya ji ƙauri ya waiwayo.

Suka naɗe ƙafar da ƙyalle, suka mayar da safa ukun, suka dawo da shi gida cikin babban takalmin, suka ce wa Gulsum kada ta tayar wa Malama likita hankali. Kwana biyu yana kwance wai mura ce, yana kwana da safa, yana janye ƙafa cikin bargo duk lokacin da Nurhayat ta shigo. Ranar Alhamis Gulsum ta tare ta a tsakar gida, idonta jajir, ta ce Yaya, ɗakin Baba yana wari, kuma ni ba zan iya ci gaba da riƙe maganar nan ba.

Da almakashi Nurhayat ta yanke safar, ja mai tsuntsaye, ta Gwaggo, har ta uwarta, don ulun ya manne da nama. Aikinta ne. Ta duba, ta san abin da likita zai ce kafin ya ce. Sati uku aka yi ana fama a babban asibiti don a ceci tafin ƙafar. An cece shi. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka tafi.

Ranar da aka sallamo shi gidan ya cika. Abokan gidan shayi sun zo da lemo da kwalin alawa, sun jera a kan kujeru suna jajantawa. Shefket ya yi bayani, kowa na gyaɗa kai, cewa ƙafar da ta saba da takalmi ɗaya shekara da shekaru ba a sauya mata wani a tsakiyar hunturu, rikicewa take yi. Wani ya ce barkonon bana ma ba shi da ƙarfi. Nurhayat na tsaye da tiren shayi. Ta dubi mahaifinta ko zai ce wani abu. Yana kallon silin.

Da ya fara takawa, ba takalmin da ƙafar ke shiga sai babban nan. Yanzu kam teburin Shefket bai ga abin dariya ba, mai rauni yana da uzuri. Ƙarshen Fabrairu Husamettin ya ce zai koma kan keke, likita ya yarda da zagaye gajere. Nurhayat ta tashi da asuba ta ɗora ruwan alwala a wuta, ta ɗauko tawul da safar nan ɗaya, ta nufi ɗakinsa.

Gwaggo Zubeyde ta riga ta. Tana durƙushe gabansa, ta gama ɗinke safa ukun da aka yanka, ɗinki mai kyau da ba a ganin bakinsa, ta kuma saƙo ta huɗu, shuɗiya, ta hagun an rage mata faɗi daidai wurin yatsu biyun da babu. Ta jera masa su ɗaya kan ɗaya, ta barbaɗa barkono, ta miƙa masa mariƙin cokali. Ya cusa ƙafar cikin babban takalmin yana nishi, ya ja igiya ya ɗaure.

"Kin ga, 'yata," ya ce, yana buga ƙafar a ƙasa cike da jin daɗi. "Ashe kin iya saye. Da huɗu ya zauna ɗas, ko yatsa ba ya motsi."