Ranar da Baba Kafinta Bai Zo Aji Ba

Malama tana cikin goge allo, sai ga mai duba makarantu ya shigo da jakarsa. Maganar a fili take: in 'yan ajinta na yaƙi da jahilci ba su nuna sun koyi wani abu ba yau, za a rufe ajin, ita kuma ta koma gida ta zauna.

Ba wai ba su iya ba ne. Ɗabi'arsu ce ba mai buɗe baki sai babban aji ya fara amsawa, babban kuwa Baba Kafinta ne, wanda kafin ya lalubo tabaransa an tashi. Shi ya sa jiya, Allah ya yafe mata, ta ce masa yau babu karatu.

Mai duba ya rubuta lissafi a allo. "Wa zai gwada?"

Tunda Baba Kafinta ba ya nan, sai mai bi masa a shekaru. Kowa ya juya ya zuba wa Inna mai ɗinki ido.

"Me kuke kallo?" in ji Inna. "Ga direba nan, ai ya girme ni."

"Ni? Haba Inna! Ina rarrafe kina taka keken ɗinki."

"Ƙarya kake, wallahi! Rini ne ya rufa wa furfurarka asiri."

Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi ke nan, aiki ya tafi.

Direba ya zaro lasin ɗinsa, ya karanta shekarar haihuwarsa da ƙarfi. Inna ta fizge alli, ta share lissafin baƙo da gefen mayafi, ta rubuta shekarar, ta sa tata a ƙasa ta fara ɗebewa.

"Kin manta aro!" mai gadi ya ɗaga murya daga baya. Ya taso zai gyara, matar mai shago ta ce shi ma ya kawo tasa a gani. Kan ka ce me, aji duka yana gaban allo, kowa na lissafin da zai mai da shi yaro.

Mai duba sai rubutu yake, bai ɗago ba. Da aka tashi, a bakin ƙofa ya tsayar da Malama.

"Malama, ajinki ya tsira. Na zaga wurare, ban ga dabarar koyarwa irin wannan ba. Mako mai zuwa ki zo ofis ki koya wa sauran malamai yadda kika tsara ta."

"To, ranka ya daɗe," ta ce, muryarta ciki-ciki.

Daga cikin aji Inna tana cewa a sake, ita ba ta yarda ba.